Tsumma ne ko igiya? Tambaya kan wata karin magana

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Jiya a Kasuwar Kurmi na ji wani dattijo yana cewa, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu," alhali ni da igiya na san maganar. Wanne ne daidai, kuma zolayar mai gudun ake yi ko uzuri ake ba shi?

Malama daga Fagge: Wa alaikumus salam. Duka biyun ana faɗa, amma tsumma ya fi armashi. Igiya dama ta yi kama da maciji, shi ya sa manya kan ce "igiyar ƙasa" da dare don kada su ambaci sunansa, saboda haka wanda ya guje ta bai yi abin mamaki ba. Wanda tsumma ya kora kuwa tsoronsa ya wuce gona da iri, don haka ni zolaya nake ji a ciki.

Baba na Dala: 'Yata, da kin ga abin da na gani da ba ki kira shi zolaya ba. Muna samari muka je girbi wajen Tudun Wada, kusa da Dajin Falgore, ƙanena ya ɗaga damin dawa, sai kububuwa, wadda tsawonta bai kai kamu biyu ba, ta sare shi a idon sawu. Da farko kumburi kawai muka gani, amma washegari jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi. A ranar na gane dalilin da ya sa ake ce mata gobe da nisa. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka kai shi asibiti. Yau ya yi jikoki, amma ba ya zura ƙafa a takalmi sai ya kifa shi ya kakkaɓe, kuma babu wanda ya taɓa yi masa dariya a gidanmu.

Malama daga Fagge: Allah ya ƙara masa lafiya, Baba. Na karɓi gyara, sai dai ina ganin ya danganta da bakin da ta fito: idan mutum ya faɗe ta a kan kansa uzuri ne, idan abokin wasansa ya jefe shi da ita zolaya ce.

Ɗan Gwale: To, dattijon Kurmi a kan kansa ya faɗa, lokacin da wani ya nemi ya ba shi kaya bashi.