Na kasa yin addu'a tun rasuwar 'yata

Salama, 'yan'uwa cikin Kristi. Daga Asawase nake, a Kumasi. Wata biyar ke nan da rasuwar 'yata, shekararta 14. Sikila ce, tun tana goye muke zaryar asibitin Komfo Anokye. Ni da babanta duk AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, sai bayan aure muka sani.

Na kasa addu'a. Ran Lahadi nakan shirya har ƙofar coci, da na ji mawaƙan da take cikinsu sai in juyo gida. Fasto ya ce in karanta Ayuba. Na karanta, amma shi ai ya sake samun 'ya'ya goma, ni ita kaɗai gare ni.

Uwar da ta taɓa binne ɗa, yaya kika sake buɗe baki gaban Allah? Fushin nan zunubi ne?