Neman kalma: "saiti" ya isa, ko da sauran aiki? Batun Tekla Structures

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. Malamai da injiniyoyi, ina neman taimakonku a kan wasu kalmomi da suka tsaya mini a wuya. Aikina zanen gine-ginen ƙarfe ne, irin rumbunan ajiya da rufin masana'antu, kuma manhajar da nake aiki da ita ita ce Tekla Structures. A bana na ɗauki yara uku ina koya musu, na kuma lura sun fi saurin kamawa idan na yi bayani da Hausa, shi ya sa na fara rubuta musu ɗan littafin jagora. Babin zana ginshiƙi da bim da haɗa su da faranti da noti bai ba ni wahala ba, domin kalmomin suna bakin masu walda tun da daɗewa. Inda na cije shi ne babin da ke bayanin yadda mutum zai gyara manhajar ta dace da aikinsa. Turanci yana da "settings" da "configuration" da "customize" da "default", ni kuwa duk inda na juya "tsari" nake rubutawa, har na ƙirga kalmar sau goma sha ɗaya a shafi guda, kowace da abin da take nufi. Yaron da ya karanta shafin ya dube ni ya ce, "Oga, wane tsarin daga ciki?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Domin waɗanda ba su san manhajar ba: kafin ta buɗe maka aiki sai ta nemi ka zaɓi abu uku, "environment" da "role" da "configuration". Bayan ka shiga kuma akwai ɗaruruwan zaɓuɓɓuka da sunayensu ke farawa da XS, waɗanda ke iko da komai, daga yadda ake ba guntayen ƙarfe lamba har zuwa yadda rubutu ke fita a kan zane. Waɗannan duka nake so in sama wa suna.

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam, Injiniya. A ganina kalmar farko ba ta buƙatar ƙirƙira, domin Hausa ta riga ta mallaki "saiti". Ararriya ce, amma ta zauna har ta haifi 'ya'ya: muna da fi'ili "saita", muna da jam'i "saituna", muna kuma da "saitacce". Maharbi yana saita bindiga, makanike yana saita birki, magini yana ja igiya domin bulo ya hau saiti, mutumin da ke magana barkatai kuma a ce ba shi da saiti. Duk waɗannan ma'ana ɗaya suke ɗauke da ita, wato a kai abu daidai inda ya kamata ya tsaya, a bar shi a nan. Manhajojin waya da aka mayar Hausa su ma "saituna" suke rubutawa, don haka yaranka sun san ta. Ka ɗauki "saiti" ga abu guda, "saituna" ga taronsu, ka bar "tsari" ta huta. Game da "configuration" kuwa, ina ba da shawarar "tsarin saiti", tunda abin da take nufi shi ne yadda aka jera saituna suka zama abu ɗaya.

Tsohon injiniya:
Malama, na yarda da ke a kan "saiti" ba tare da ja ba, amma a kan ta biyun ina roƙon a dakata. A cikin wannan manhaja kalmar "configuration" da ke fitowa a allon farko ba ta da alaƙa da jera saituna. Lasisi take nufi, wato abin da kuɗinka ya saya maka. A da sunayen suna bin sana'a ne, akwai na masu zanen ƙarfe, akwai na masu kankare, akwai cikakke. Yanzu kuma ana sayar da su da sunayen Carbon da Graphite da Diamond, kowanne da iyakar abin da zai bari ka yi. Idan muka ce wa yaro "tsarin saiti", zai zaci abu ne da zai shiga ya gyara, alhali ba ya gyaruwa sai da biyan kuɗi. Ni "rukunin lasisi" zan kira shi a wannan wuri. "Tsarin saiti" na Malama kuma a ajiye shi domin inda ake maganar yadda kamfani ya shirya foldodinsa da fayilolinsa, domin can ya dace sarai. Kalmar Turanci ɗaya ce take ɗaukar kaya biyu, babu kuma dalilin da zai sa mu gaji wannan cunkoso.

Wani abu da zai taimaka wa mai koyo shi ne ya san daga ina XS ɗin nan ta fito. Kamfanin Tekla na ƙasar Finlan ne, an kafa shi a 1966, kuma kafin a fitar da Tekla Structures a 2004 manhajarsu ta ƙarfe Xsteel ake kiranta. Haruffan nan biyu gadonta ne, sun kuma ci gaba da zama har bayan da kamfanin Trimble na Amurka ya sayi Tekla a 2011. Ina faɗin haka ne domin kada wani ya yi ƙoƙarin fassara irin su XS_FIRM da XS_PROJECT. Sunaye ne na yanka, manhajar ba ta amsa wani kira sai da su. A rubuta su yadda suke, a yi bayaninsu da Hausa.

Mai buɗe zance:
Na gode, Baba, na karɓi wannan rabo. To, saura "environment". Na rubuta "muhalli", amma duk lokacin da na karanta sai in ji kamar ana maganar dashen itatuwa.

Tsohon injiniya:
Ai dole ka ji haka, ɗana, domin fassarar baki ce. Ka duba abin da ke cikin kunshin, sai sunan ya fito da kansa. Idan ka zaɓi na Ingila, za ka tarar da ginshiƙi irin 203x203x46 UC, wanda lambarsa ta ƙarshe ke gaya maka cewa kowace mita tana da nauyin kilo 46, da ƙarfe mai daraja S275 da S355, da awo a milimita. Idan ka zaɓi na Amurka mai inci, sai ka ga W8x31, wato zurfin kusan inci 8 da nauyin laba 31 a kowace ƙafa, da ƙarfe irin A992. Har girman noti da fasalin takardar zane duk suna canzawa. Mu da muka tashi a kan ƙa'idar Ingila ta BS 5950, wadda su can suka maye gurbinta da Eurocode 3 tun 2010, hannunmu ya fi zuwa ga na Ingila. Kunshi ne na al'adar aikin wata ƙasa, saboda haka na ce "saitin ƙasa".

Wani ɗan'uwa daga Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Mu a nan da Faransanci muka yi karatun, ƙarafan da muka saba gani a zane kuma su ne IPE da HEA, inda IPE 200 ke nufin zurfin milimita 200. Faransanci ma "environnement" da "configuration" yake cewa, don haka ruɗanin iri ɗaya ne da naku, kuma kalmar Hausa mai kyau za ta yi mana amfani a ɓangarorin iyaka biyu. Sai dai ina da ja a kan "saitin ƙasa". Na farko, mai karatu zai iya ɗauka saitin da ke ƙasan allo ake nufi, ko na ƙasar da za a kafa ginin a kanta, tunda a aikinmu maganar ƙasa da harsashi ba ta ƙarewa. Na biyu, ba kowane kunshi ne na ƙasa guda ba, akwai na Gabas ta Tsakiya, wanda ya haɗa ƙasashe da yawa. "Saitin yanki" ya kauce wa matsalolin biyu.

Malamar Hausa:
Wannan hujja ta fi ƙarfi, na koma bayan "saitin yanki". "Role" kuma ba ta da wuya, "fanni" ta wadatar, tunda tambayar ita ce ko kai mai zanen ƙarfe ne ko na kankare.

Bari in taɓo "default", domin tana ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa ina ganin an fassara ta da "tsoho", wanda kuskure ne bayyananne: manhajar da ka ɗora yau da safe tana da shi, to ina tsufan yake? "Saitin asali" ya fi.

Shugaban maƙera:
Malama, a gafarce ni, ni ba malami ba ne, ƙarfe nake yankawa, amma wannan kalma ta taɓa sa ni kwana a wurin aiki, don haka ina da ta cewa. A cikin manhajar akwai fayil da ake kira "standard", wanda shi ne take ɗauka idan ba ka zaɓi komai ba. Wannan fayil ba lalle ne ya zama na asali ba, domin kowa yana iya canza lambobin ya adana a kan sunan, daga ranar kuma da su za ta riƙa tashi.

Ga abin da ya same mu. A ƙa'ida noti mai kaurin milimita 20 ana yi masa huji na milimita 22, wato a bar masa sarari na milimita 2 domin ya shige ko da an ɗan sami karkata wajen ɗagawa. Wani mai zane da muke karɓar aiki daga hannunsa ya kwafi foldar tsohon aiki ya fara sabo a kanta, bai san cewa a wancan aikin an rage sararin an adana a "standard" ba. Injinmu kuwa ba ya tambaya, fayil ɗin DSTV, wato umarnin yanka da huji da manhajar ke fitar wa inji, da aka turo masa yake bi, ya huda inda aka ce da girman da aka ce. Sai da farantan suka isa wurin gini, ƙarfe yana rataye a sama, aka ga noti ba ya shiga sai da guduma. Muka sauke, muka sake bin hujin ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambayi mai zanen sai ya rantse cewa bai taɓa komai ba, a kan "default" ya bar shi, kuma gaskiya ya faɗa. Da a ce a kansa akwai kalma biyu, da ya san cewa abin da manhaja ta tashi da shi daban, abin da ta zo da shi daga kamfani daban. Ni dai a bakina na farkon "saitin tashi" ne, na biyun shi ne "saitin asali" na Malama.

Malamar Hausa:
Malam, ka koya mini abin da ban sani ba, kuma "saitin tashi" Hausa ce tsantsa, kamar yadda muke cewa mota ta tashi ko inji ya tashi. Na janye haɗa su da na yi.

Tsohon injiniya:
Labarin nan ya kawo mu kan abin da na fi so yaran su fahimta, domin a nan ne "customize" take zaune. Ga yawancin fayilolin saiti, manhajar tana fara dubawa a foldar samfurin da kake aiki a kai, wato siffar ginin da kake haɗawa a kwamfuta. Idan ba ta samu ba sai ta je foldar da XS_PROJECT ya nuna, wato ta aikin, sannan ta XS_FIRM, wato ta kamfaninka, daga ƙarshe ta koma ga na yanki. Wanda ta fara cin karo da shi, shi take ɗauka. Abin ya saɓa wa tsarin sarauta da muka sani, inda maganar hakimi ke gaban ta dagaci, ta dagaci kuma ke gaban ta mai unguwa. A nan mai unguwa ne ke da magana, domin shi ne na kusa. Shi ya sa ko da kamfanin mai zanen nan ya rubuta milimita 2 daidai a foldarsa, tsohon fayil da ke cikin samfurin ne zai yi aiki. Ina ba da shawarar a jera su haka a littafin: saitin samfuri, saitin aiki, saitin gida, saitin yanki. "Gida" na ce maimakon "kamfani" da gangan, domin idan aka ce saitin kamfani, wani zai zaci kamfanin da ya ƙera manhajar ake nufi.

Mai buɗe zance:
To fi'ilin fa, Baba? Na ga wasu suna rubuta "keɓance" a madadin "customize".

Malamar Hausa:
"Keɓance" tana nufin ware abu gefe, ba gyara shi ya dace da mai shi ba. Abin da ake nufi ya fi kama da bambancin rigar kanti da wadda tela ya auna ka ya ɗinka. Amma ba sai mun nemo sabon fi'ili ba, nahawunmu ya riga ya yi aikin da ƙaramar kalmar nan "wa": ka saita wa gida, ka saita wa aiki, ka saita wa kanka. Da zarar ka faɗi wanda aka saita wa, ma'anar ta cika, har ta fi ta Turancin bayani, tunda ita ba ta faɗin mai rigar. Inda na kusa ya hana na nesa aiki kuma, kada a ce ya "shafe" shi, domin na nesan yana nan daram, ranar da aka cire na kusa zai dawo. A ce ya "danne" shi.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. Na sake rubuta sakin layin da yaron ya kasa ganewa, ga yadda ya koma: "Kafin ka fara sabon aiki, ka zaɓi saitin yanki da fanni da rukunin lasisi. Kada ka kwafi foldar tsohon samfuri, domin saitin da ke cikinta zai danne na gida, manhajar kuma ta tashi da shi ba tare da ta sanar da kai ba. Idan kana shakka, ka buɗe saitin tashi na noti, ka tabbata sararin huji milimita 2 ne ga noti mai kaurin 16 zuwa 24." Na ba shi ya karanta ɗazu, sai ya tashi ya je ya buɗe samfurin da yake koyo a kai ya duba.

Shugaban maƙera:
Injiniya, ka ƙara masa layi ɗaya: daga kaurin 27 zuwa sama sararin milimita 3 ne. Kuma inda ka rubuta "sararin huji", mu a maƙera "wasa" muke cewa, a ce noti ya sami wasa. Ka sa duka biyun, domin ranar da ya kira ni a waya mu gane juna.