"Gemu ba ya hana ilimi": shekaru ake nufi ko girma?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya liman ya yi huɗuba a kan neman ilimi, ya rufe da cewa gemu ba ya hana ilimi. Ana fitowa wasu dattawa biyu suka sa zare. Ɗaya ya ce liman ya faɗi gaskiya, ɗayan ya ce lallashi ne kawai, ai waɗanda suka faɗi haka su ne dai suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai da aka shiga tsakani. To gemun nan shekaru ne, ko girma da matsayi? Kuma wa ya dace ya faɗa wa wa?

Mai Allo: Wa alaikumus salam. Maganganun biyu ba kishiyoyi ba ne. Ta icce a kan tarbiyya take, hali ake tanƙwarawa. Ni a fahimtata gemu girma ne. Sayyidina Umar ya ce ku nemi fahimtar addini kafin a shugabantar da ku. Imam Bukhari ya kawo maganar a babin ilimi, ya ƙara da cewa har bayan an shugabantar da ku, domin sahabbai sun yi karatu da girmansu. Mujahid kuma ya ce mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Ga Ƙaffal na Marwa, maƙerin kwaɗo ne, sai da ya kai shekara 30 ya kama fiƙihu, ya zama jigo a mazhabar Shafi'i. Abin da ke tsayar da babba shi ne nauyin durƙusawa gaban wanda ya haifa.

Kawu: Allah ya gafarta Malam, ku ne fa kuke karantar da mu cewa karatun yaro rubutu ne a kan dutse, na babba rubutu a kan ruwa. A ba ɗan shekara 9 shafi ɗaya, a ba ɗan 55 shi, a dawo bayan mako a gani. Dattijon nan na biyu bai yi ƙarya ba.

Malamar Manya: Kawu, ruwan nan kowa a kansa yake rubutu, yaro da babba. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa ya buga sakamakon a 1885. Mafi yawan abin da zai zube daga sabon karatu a sa'o'in farko da yinin farko yake zubewa, daga nan zubewar ta lafa. Yaro ana tilasta masa bita safe da yamma, shekara da shekaru, kuma ba ya ɗauke da nauyin kowa a ka. Babba kuwa ya zo aji ranar Asabar ya zauna awa uku, ba zai sake buɗe littafin ba sai wata Asabar. Ya dawo ya tarar wayam, sai ya ce kansa ne ya toshe, alhali tsarin ne ya cuce shi.

Abin da ke aiki shi ne minti 20 zuwa 30 kullum, a lokaci guda, a wuri guda. Sabon abu kada ya wuce biyar a zama ɗaya, harafi ne ko kalma ko layi. A maimaita shi a daren nan kafin a kwanta, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka koya. A sake gobe, sai bayan kwana 3, sai bayan mako, sai bayan wata. Kuma bita ba kallon shafi ba ce. A rufe littafin a jawo abin daga ka, a faɗa ko a rubuta, sai an kasa a leƙa. Mai kallon shafi ji yake ya iya saboda idonsa ya saba, ranar da aka ɗauke littafin sai asiri ya tonu.

Inda zan bi bayanku, Kawu, shi ne lafazin sabon harshe. Nan kam yaro ya fi, kunnensa da harshensa ba su kafe ba. Amma gane dalili, da haɗa sabon abu da wanda aka riga aka sani, wannan filin babba ne.

Ɗan Boko: In ƙara a kan na Malama. Direbobin tasi na Landan sai sun haddace tituna wajen 25,000 kafin a ba su lasisi, abin yana cin shekara uku zuwa huɗu, kuma manya ne duka. A shekarar 2000 wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, suka ga sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. A 2011 aka bi masu koyo tun daga farko, waɗanda suka ci jarrabawar sashen nasu ya ƙaru. Icce ba ya haka bayan ya bushe.

Mai Duba Ido: Akwai abin da ake mantawa. Daga shekara 40 zuwa 45 madubin cikin ido yana fara tauri, gani na kusa ya ragu. Mutum ya riƙa nesanta takarda da fuskarsa, haruffa su cakuɗe, minti goma kai ya fara sara. Wanda bai taɓa karatu ba bai san haka ba, don bai da abin kwatantawa. Sai ya ɗauka haka karatu yake, ko kuma shi ne daƙiƙi. Duk ajin yaƙi da jahilci ya kamata ranar farko a gwada ido kafin a raba littafi. Haske kuma ya zo ta gefen kafaɗa ya sauka a kan shafin.

Uwar Biyu: To mu da ba mu da gemu fa, ina aka ajiye mu?

Na Gefe: Anti, ku an riga an san ba abin da ke hana ku, shi ya sa ba a yi muku karin magana ba.

Maman Sadik: Maganar ido ta tuna mini da kakarmu ta wajen uwa, Allah ya ji ƙanta. Ta haura 60 lokacin da ta fara. Ɗanta na fari yana aiki a nesa, yana aiko da wasiƙa, sai an nemo mai karanta mata. Wata rana ta lura takarda cike take gaba da baya, amma karatun ya ƙare cikin numfashi uku. Ta gane tsallake ake yi mata don kada hankalinta ya tashi. Ta ce daga yau ba mai sake tace mata maganar ɗanta.

Karon farko bai yi ba. An ba ta littafin 'yan aji ɗaya, aka zaunar da ita cikin jikoki. Rubutun ƙanana, kalmomin ba ruwanta da su, in ta yi kuskure yara su kwashe da dariya. Mako biyu ta ajiye, ta ce kanta ke ciwo. Autarta ce ta kai ta aka duba ido, aka ba ta tabarau. Ta sa ke nan ta kalli tafin hannunta ta ce ashe layukan nan suna nan.

Uwar Biyu: Allah sarki. Ci gaba Yaya, muna ji.

Maman Sadik: Sai autar ta ajiye littafin yara, ta ɗauko tsofaffin wasiƙun. Su biyu kaɗai a ɗaki, bayan asuba, kafin gida ya tashi. Kalmar farko ita ce "Inna", yadda yake buɗe kowace wasiƙa. Ta biyu sunansa da ke ƙasa. Aka raba su gaɓa-gaɓa, daga kowace gaɓa a fitar da 'yan uwanta: na, ne, ni, no, nu. Aikinta na yini shi ne ta bi wasiƙa ɗaya da yatsa ta nemo duk inda gaɓar ranar ta fito, ta sa ɗigo a ƙarƙashi.

Abin da ya fi ba ta wuya b da d. Ita ta samo maganinsu da kanta, ta ce b mai ciki ce, kayanta a gaba, d mai goyo ce, kayanta a baya. Masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su wahalar da ita ba ko kaɗan, tunda bakinta ya san bambancin bari da ɓari tun kafin a haifi malamar tata. Yatsunta sun yi tauri, fensir yana zamewa, sai aka naɗe shi da ƙyalle ya yi kauri. Wata guda tana rubutu manya-manya a allo kafin a ba ta takarda mai layi.

Wajen wata bakwai wasiƙa ta zo, ta hana kowa taɓawa. Ta kama ta daga la'asar, ba ta kai ƙarshe ba sai magariba. Washegari ta kwance ɗaurin tsofaffin ta fara binsu ɗaya bayan ɗaya. A ciki ta ga inda ya rubuta cewa ya kwanta asibiti mako uku, shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gaya mata. Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta ce a ba ta biro. Amsarta layi huɗu ce, kalmomin duk a manne ba tazara. Daga nan ba rubutun da ya tsira a gidan. Kwalin magani, jikin mota, rigar jika, sai ta tsayar da kai ta karanta ka da ƙarfi, fuskarta kamar an yi mata albishir. Kullum cewa take ashe duniya surutu take ta yi ni ban ji ba.

Mai Allo: Allah ya gafarta mata, ya kai haske kabarinta.

Malamar Manya: Amin. Autar nan malama ce ko ba ta da takarda. Abin da ta yi shi wani malami, Paulo Freire, ya yi a garin Angicos na Brazil a 1963, ya koya wa ma'aikata wajen 300 karatu cikin kwana 45. Ya ɗauko kalmomin rayuwarsu ya raba gaɓa-gaɓa, suka riƙa gina sababbi da kansu. Babba ba ya karatu don a ce ya yi ƙoƙari, akwai wata takarda da ke damunsa, a fara da ita. Manne kalmomi kuwa kowane sabon marubuci yana yi, saboda magana ba ta da giɓi a baki. A ce ya ɗora yatsa ɗaya bayan kowace kalma kafin ya fara ta gaba, da kansa zai daina.

Kawu: Labarin ya taɓa ni, amma ku duba, ba ta iya cikin mutane ba sai a ɓoye. Ke nan gemun ya hana, dabara aka yi masa.

Na Gefe: Kawu, gemu ba ya hanawa, kujera ce ke hanawa. Ku dubi masu zuwa buɗe ajin manya da jiniya. A ɗauki hoto da alli a hannu, a tafi, allon ya shekara da kalmar da aka rubuta ranar.

Baban Ummi: Na Gefe ka fara ko.

Na Gefe: Yaya ai ban ce komai ba. Akwai wanda aka rubuta wa jawabi, yana cikin karantawa ya ce "a dakata a nan jama'a su tafa". Kuma jama'a suka tafa. Da autar nan aka kai masa da ya gyaru.

Uwar Biyu: Wasu kuma da zarar zaɓe ya matso sai takardun makaranta su ɓata, bayan zaɓe su wayi gari da digirin girmamawa.

Ɗan Boko: A bar su. Ga wanda ya zauna cikin yara bai ɓuya ba: Kimani Maruge na Kenya. Da aka mayar da firamare kyauta a 2003, ya shiga aji ɗaya a Eldoret a 2004 yana da shekara 84, ya ce yana son ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. A 2005 har Majalisar Ɗinkin Duniya aka kai shi ya yi magana a kan ilimi. Ya rasu a 2009. Kawu, wannan fa?

Kawu: Ɗaya tamkar da dubu ne, shi ya sa ka san sunansa.

Hajiya Babba: Kun bar rabin tambayar. Maganar nan tana da baki. In babba ya faɗa a kan kansa, kamar zai tambayi ƙaramin yaro yadda ake tura saƙo a waya, ya ce zo ɗana, gemu ba ya hana ilimi, to ya sauke wa kansa nauyi ya kuma sauke wa yaron. In sa'a ya faɗa wa sa'a, ƙarfafawa ce. Amma yaro ya dubi dattijo ya faɗa masa, wannan baƙar magana ce, cewa ya yi ka tsufa ba ka sani ba. Baban Ummi, liman ɗin nan yaro ne ko?

Baban Ummi: Hajiya bai kai 35 ba.

Hajiya Babba: To ka ji abin da ya tayar da dattijon.

Mai Allo: Hajiya, a kan mumbari ba a duba shekarun mai faɗa. In haka ne ba mai yi wa babba nasiha ke nan.

Hajiya Babba: Malam, ana yi, amma da "mu" ake yi ba da "ku" ba.

Uwar Biyu: Maman Sadik, wasiƙar mai layi huɗu tana nan kuwa?

Maman Sadik: Tana hannun 'ya'yansa, sun sa ta a leda.

Kawu: Mai Duba Ido, yayana ya haura 60, yana son komawa haddar da ya bari, amma ya ce layuka hawa juna suke yi. Tabarau wane lamba za a saya masa?

Mai Duba Ido: Kawu, masu shekara 45 galibi +1.00 zuwa +1.50 ke yi musu, masu 60 wajen +2.50. Gwajin shi ne ya riƙe shafin kamar santimita 40 daga ido, ya ɗauki mafi ƙarancin lambar da yake gani tas da ita. Amma a shekarunsa kada a saya da ka. A kai shi a duba yanar ido da hawan jinin ido, musamman in yana da ciwon suga, domin hawan jinin ido ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. In ya rufe ido ɗaya layukan suna nan a haɗe, ku gaya wa likita haka da bakinku.