Shin halittun ƙarƙashin teku na wanda ya fara ɗebowa ne?

Dakta: Ni dai ga inda na tsaya. Wanda ya kashe dukiyarsa ya tura jirgi teku, ya ɗebo soso ko dodon koɗi, ya shafe shekaru a ɗakin bincike har ya fitar da magani, ba adalci ba ne a ce ya raba riba da ƙasashen da ko kwale-kwale ba su tura ba. Ku dubi Halaven, maganin sankarar mama na kamfanin Eisai. A 1986 aka bayyana sinadarin da maganin ya samo asali daga gare shi, wanda aka samo a jikin wani soson teku (wata halittar ruwa) na gaɓar Japan, amma sai a 2010 Amurka ta amince da maganin. Wa ya ɗauki nauyin wannan dogon jira?

Barista: Dakta, ka gwamutsa abu biyu. Ruwan da ke cikin mil 200 daga gaɓa yana ƙarƙashin ikon ƙasar da ke wurin. A nan Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ke aiki, wadda ta fara aiki a 2014: ƙasa na da ikon cewa sai da izininta, kuma sai an rubuta yadda za a raba amfani. Tsakiyar teku kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya, ta daɗe babu doka a kan wannan. Sai a Yunin 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabuwar yarjejeniya, ta fara aiki a Janairun 2026.

Malama: Kuma maganar "wanda ya fara zuwa" tana ɓoye wanda ke da halin zuwa. Binciken da mujallar Science Advances ta buga a 2018 ya nuna kamfani ɗaya, BASF na Jamus, shi ya yi rajistar kashi 47 cikin 100 na jerin ƙwayoyin gadon halittun teku da ke cikin takardun haƙƙin mallaka. Ƙasashe goma kacal ke da kashi 98. Wannan ba tsere ba ne, Dakta. Sauran duniya ko filin ba su shiga ba, kuma abin yana ci mini rai.

Dakta: Takardar haƙƙin mallaka ba kuɗi ba ce, Malama, galibinsu ko sisi ba sa kawowa. Damuwata ita ce malamin jami'a mai ɗan tallafi. Babban kamfani yana da rundunar lauyoyi. Shi kuwa zai yi wata da watanni yana jiran sa hannu, lokacin tafiyar jirgi ya wuce.

Barista: Wannan koken gaskiya ne, masu bincike da yawa sun yi shi a kan Nagoya. Shi ya sa sabuwar yarjejeniyar ba izini take nema ba, sanarwa ce. Ka sanar wata shida kafin tafiya, a ba ka lambar shaida ta abin da za ka ɗebo, ka dawo ka faɗi inda ka ajiye samfurin da bayanansa.

Ɗalibi: Ranku ya daɗe, tambaya gare ni. Idan an karanta DNA ɗin halittar, wato jerin ƙwayoyin gadonta, an ɗora a intanet, wani ya sauke a kwamfutarsa ya haɗa sinadarin ba tare da ya ga teku ba, wa zai biya?

Malama: Ka taɓo inda gizo ke saƙa. A taron Kali na Kolombiya a 2024 an amince da kafa asusu: manyan kamfanonin da ke cin moriyar irin waɗannan bayanai su zuba kashi 1 cikin 100 na riba, ko kashi 0.1 na cinikinsu, aƙalla rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin asali da mazauna yankunan. Sai dai babu tilas a ciki. Amurka ma ba ta cikin yarjejeniyar kare nau'o'in halittu ta 1992 da asusun ya tsiro daga gare ta.

Dakta: To kun gani. Dokar da babu mai tilasta ta, mai gaskiya kaɗai take wahalarwa. Na yarda a rubuta asalin kowane samfuri, wannan ma kimiyya ce mai kyau. Kason riba ne ban gamsu ba.

Malama: Idan ka yarda da rubuta asali, Dakta, to ka sa hannu a abin da nake nema: duk ma'ajiyar bayanan DNA ta ƙi karɓar jerin da bai zo da wurin da aka ɗebo shi da lambarsa ba, ofisoshin haƙƙin mallaka su ma su nemi lambar. Kason kuɗi taron ƙasashen sabuwar yarjejeniyar tsakiyar teku zai yanke, a can za mu ci gaba da jayayya.