Idan na'urar ajiyar bayanai ta gida ta mutu

Shawarar da ake yawan nanatawa ita ce: kashe ta nan take, ka daina kunnawa kana gwadawa. Sau da yawa bangaren wuta ne ya ƙone, faya-fayan da ke cikinta (hard disk) kuwa lafiya lau. Kafin ka zare su, manna wa kowanne lamba daidai da ramin da ya fito.

Na'urori irin na kamfanin Synology suna aiki ne da tsarin Linux, don haka kwamfuta mai Ubuntu (wani nau'in Linux) tana iya haɗa faya-fayan ta hanyar manhajar mdadm. Windows kuwa zai nemi a goge faifan; kar ka yarda. Fara kwafe kowane faifai da manhajar ceto bayanai ta ddrescue, sai ka yi aiki kan kwafin. Domin RAID 5, wani tsarin raba bayanai a kan faya-fayai da yawa, rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa.

Faifan da ke ƙarar ƙas-ƙas, bar wa ƙwararru, duk tsadarsu.