Tura wa kociyan jami'ar Amurka imel: abin da na tsinta

Jiya mun daɗe muna tattaunawa da wasu da suka taɓa neman gurbin wasa a jami'o'in Amurka, ga abin da na riƙe. Kowa ya yarda kai ɗan wasan za ka rubuta da kanka, ba baba ko kawu ba, kuma don Allah kar ka kwafi saƙo ɗaya ka watsa wa koci hamsin, daga layin farko suke ganewa wallahi. A kan saƙon sa sunanka, shekarar da za ka gama sakandare da lambar da kake bugawa, ciki kuma tsawonka, sakamakon jarrabawa, sai link ɗin bidiyo na minti uku zuwa biyar a YouTube, kuma ka sa mafi kyawun wasanka a farko don ba mai jira ya kalla har ƙarshe.

In shiru kar ka karaya, dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ce ta hana kociyoyin Division I (rukuni mafi girma cikin rukunai ukun hukumar) amsawa a yawancin wasanni sai 15 ga Yuni bayan ɗan wasa ya gama aji na biyu cikin azuzuwa huɗu na sakandaren Amurka. Ka yi rajista da Eligibility Center, ofishin NCAA mai tantance cancantar 'yan wasa, tun da wuri. Jami'o'in Division III (rukuni na uku) ba sa ba da tallafin karatu saboda wasa, ni ban sani ba sai jiyan.