Dokar SOPA ta Amurka: wanda ya yi adawa da ita ba ɓarayi yake karewa ba?

Ɗalibar_Lauya:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya ambaci SOPA a aji, wato ƙudurin dokar hana satar fasaha a intanet, wai har Wikipedia ta Turanci ta rufe kanta kwana guda a 2012 don nuna adawa. Abin ya ɗaure min kai. Ai satar fina-finai da waƙoƙi dokar take son hanawa, to me ya kawo tayar da jijiyar wuya?

Kawu_Injiniya:
Wa alaikumussalam 'yata. Ɗan majalisar wakilai Lamar Smith na jihar Texas ne ya gabatar da ita a Oktoban 2011, ga kuma takwararta PIPA ta Sanata Patrick Leahy a majalisar dattawa. Kamfanonin fim da na waƙa suka mara musu baya, kuma kukansu na da tushe: shafukan ƙetare na raba kayansu kyauta, hannun kotun Amurka bai kai can ba.

Rigimar a kan maganin take. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, DMCA ta 1998, cewa ta yi idan an ɗora kayanka ka kai ƙorafi a cire abin da aka ɗora ɗin. SOPA kuwa shafin gaba ɗaya take nufi: a umarci kamfanonin intanet su toshe sunansa, su Google su goge shi daga sakamakon bincike. A daftarin farko ma, mai haƙƙin mallaka takarda kawai zai aika wa kamfanin talla ko na biyan kuɗi, cikin kwana 5 su yanke hulɗa da shafin, alƙali bai ji ta bakin kowa ba. An kama ɓarawo ɗaya a rumfa, sai a garƙame kasuwar.

Mu da muke aikin nan abin dariya ya ba mu. Toshe suna ba ya ɗauke shafi daga inda yake. Mai neman fim ɗin sata zai sauya saitin DNS ɗinsa (tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa) kafin ka ƙifta ido, wanda bai iya ba shi zai sha wuya.

Ranar 18 ga Janairun 2012 Wikipedia ta mayar da shafinta baƙi ƙirin, dandalin tattaunawa na Reddit ya rufe, Google ya lulluɓe tambarinsa, mutane suka yi ta buga wa wakilansu waya. Ranar 20 aka jingine ƙudurorin biyu. Amma ki riƙe ranar 19: a ranar hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta rufe shafin raba fayiloli na Megaupload, aka kama mai shi Kim Dotcom a New Zealand, kuma da dokokin da ake da su tun da aka yi hakan.

Mai_Kamara:
Kawu, a gafarce ni, ba ka taɓa zuba kuɗinka a fim ka wayi gari ka gan shi yana yawo kyauta ba. Kuma Google ba don Allah ya yi ba, kasuwarsa yake karewa. A 2012 ɗin kotun Ingila ta sa aka toshe shafin raba fina-finan sata na The Pirate Bay, intanet ta rushe ne?

Kawu_Injiniya:
Batun Google na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ɗan'uwa. Sai dai na Ingila alƙali ne ya duba hujja ya yanke hukunci a kan shafi takamaimai. Ka dubi Italiya: tsarinsu na Piracy Shield yana tilasta toshewa cikin minti 30 don kare wasannin ƙwallo, a Oktoban 2024 ya haɗa da Google Drive bisa kuskure. Rasha kuma a 2012 da sunan kare yara ta buɗe rajistar shafukan da za a toshe, zuwa Maris 2014 shafukan 'yan adawa irin su Kasparov.ru ake toshewa ba tare da an shiga kotu ba.

Mai_Kamara:
To a kai gaban alƙalin, ban ƙi ba. Amma kafin a sa ranar zama fim ɗin ya gama zagaya duniya, wa zai biya ni?